Ranar da Na Koya wa Gwaggo Cin Waken Japan

Ko tsufa zai kwashe mini komai, ba na jin zan taɓa mantawa da wata Asabar ta ruwan sama a Kuala Lumpur, lokacin ina shekarata ta biyu a jami'a. Har yau idan na tuna ina cikin wanke-wanke, sai in ajiye soso in rufe fuska, alhali ba kowa a kicin ɗin sai ni.

Ni dai tun tasowata ba na cin nama. Ba aƙida ba ce, ba kuma ciwo ba. Da ya shiga bakina sai in kasa haɗiye shi. Kifi ma haka, ƙarninsa kaɗai ya isa ya tashe ni daga kan tabarma. A gidanmu na Kano an yi faɗan, an yi lallashin, an karɓo rubutu, kakata har daka naman take yi ta ɓoye a miyar kuka, in shinshina in ture kwanon. Da Babbar Sallah kowa na yawo da maiƙo a baki, ni ina gefe da kwaɗon zogalena. Daga ƙarshe aka gaji, aka ce haka Allah ya yi ni.

Sai da na je Malesiya na gano ashe abin har suna gare shi. Wata Ba'indiya mai kantin abinci a Taman Melati, inda muke haya, ita ta fara kira na bejiteriyan, ta faɗe shi da girmamawa kamar wata sarauta. Abin da ake yi mini dariya a kansa a gida, ga shi nan har shagunansa daban. Kaina ya ɗan kumbura (ɗan kaɗan na ce, amma Rifkatu, 'yar Jos ɗin da muke ɗaki ɗaya, za ta ce muku da ƙyar yake shiga ƙofa).

A wannan shekarar ne kuma na ɗauki darasin harshen Japananci na zango guda, don cike gurbi kawai. Ban fita da komai ba sai gaisuwa da godiya da ƙirga ɗaya zuwa goma, amma na fita da ciwon Japan. A jirgin ƙasa nakan jingina kaina da gilashi, ruwa na gangarowa, dogayen gine-gine na wucewa, ni kuwa ina can wani gari mai tsit da ban taɓa gani ba, ina tafe a hankali ƙarƙashin lema, furanni na zubo mini a kan gyale. A wani katafaren kanti na tsakiyar gari akwai gidan abincinsu, da jajayen fitilu na takarda a ƙofa, da abincin roba jere a bayan gilashi yana sheƙi. Duk sanda na bi ta wurin sai na tsaya. Akwai awara fara tas a ɗan faranti, akwai ganyayyaki an jera su kamar za a kai gaban sarki. A raina na yanke cewa mutanen nan su ne suka san darajar wanda ba ya cin nama. Ban taɓa shiga ba. Ajiye shi nake yi sai ranar da ta dace.

Mukhtar ne ya kawo ranar. Shi ɗan Zariya ne, yana karatun kwamfuta, yana zaune a Danau Kota, kuma mun kai inda ya faɗa wa mahaifiyarsa maganata. Wata yamma muna shan shayi a shagon mamak, irin shagunan abincin Indiyawa Musulmi, ya yi ta juya cokali a kofi, sannan ya ce Gwaggonsa za ta zo sarin gyale da yadudduka a kasuwar Masjid India, kuma an ce ta gan ni.

"Ta gan ni kamar yaya?"

"Ta gan ki dai. Umma ce ta ji ba kya cin nama, abin ya tsaya mata. Ta ce wadda ba ta cin nama yaya za ta ɗanɗana miya ta san gishiri ya ji." Ya ɗago ya dube ni. "Gwaggo ita ce babba a gidanmu. Abin da ta koma ta faɗa, shi ke nan."

Mai hankali da ta ce a kai baƙuwar inda ta sani. Ni kuwa nan take fitilun nan suka kunnu a kaina. Na hango Gwaggo zaune, ni ina zuba mata koren shayi da hannu biyu, ina yi mata bayanin kowane ganye, ita kuma tana gyaɗa kai tana cewa a ranta, lallai wannan yarinya ta san duniya. Na hango ta ta koma Zariya ta tara mata tana cewa rashin cin nama ai wayewa ce. Na ce masa mu kai ta gidan abincin Japanawa, na ga takardar halal manne a ƙofarsu. Ya tambaye ni ko na san abincinsu. Na ce, "Ai na yi Japananci," wanda ba ƙarya ba ne, ba kuma amsar tambayarsa ba ce.

Rifkatu ta saurare ni tana yanke farce. Ta ce, "Ki kai matar nan mamak ku ci roti, gurasar nan tasu, da miyar wake, kowa ya tashi lafiya. Kin taɓa shiga wurin nan kuwa?"

Na ce mata a zuciyata na shiga ya fi a ƙirga.

"To Allah ya sa zuciyar taki ta san abin da ake ci da wanda ake zubarwa."

Ranar Asabar ɗin ruwa ya tsuge tun azahar. Na sauya gyale na sake sauyawa, na fita a makare, sannan a cikin jirgi na jingina da gilashi ina bitar yadda zan durƙusa da yadda zan yi murmushi, har na kai ga ranar kai lefe da kalar akwatunan. Ina farkawa na ga mun wuce tashata da nisa. Sai da na sauka na hau mai komawa. 'Yar wayata mai tocila ta yi ta ƙara da saƙonnin Mukhtar: sun iso, sun zauna, sun fara taɓa wani abu kafin in zo.

Da na ɗaga labulen ƙofar, ma'aikatan suka haɗa baki suka yi mini maraba, ni kuma na amsa musu da Japanancina (daga baya na ji ba a amsawa, kuma dukansu 'yan Malesiya ne). Ciki ya fi yadda na yi mafarkinsa. Haske mai laushi, wani kiɗan tsirkiya yana fita a hankali kamar ɗigar ruwa, a lungu kuma ga wani ɗan gora da ruwa ke cikawa, ya sunkuya ya zubar, ya koma ya buga dutse, ƙwas. Aka nuna mini wani ɗan ɗaki, na cire takalmi.

Gwaggo na zaune a ƙasa gaban gajeren tebur, ta miƙe ƙafa abinta kamar a tsakar gidanta. Mace ce mai jiki, da tabarau da haƙorin Makka, ƙamshin turarenta ya riga ya kori duk wani ƙamshin Japan daga ɗakin. Na durƙusa na gaishe ta, na ba da haƙurin latti.

"Ba komai, 'yata, ruwa ne. Zauna nan kusa da ni in gan ki." Ta juya ga Mukhtar. "Kai kuma tashi ka je ka yi La'asar, ka bar mu mu gaisa."

Ya miƙe ba musu. A bakin ƙofa ya ce mini ƙasa-ƙasa, "Na sa a kawo naki, wanda ba nama." Ya fita.

To a nan ne nake so ku yi mini adalci. An ce an sa a kawo nawa. Na duba teburin, a daidai wurin da aka bar mini ga wani kwano shuɗi mai zanen igiyar ruwa, irin kwanon da in a gidanmu ne sai dai a sa shi a kabad a riƙa kallo. A cikinsa ga wani koren abu tuli guda, dogo-dogo kamar ɗanyen wake, yana ɗan sheƙi. Kore ne, ba nama, yana gabana. Ku da me za ku ɗauka?

Na yi bisimilla, na ɗauki tsinkayen nan biyu na cin abincinsu da na yi mako ina gwaji da fensir, na kamo ɗaya a karo na farko (wannan nasarar ita ta ƙarasa ruɗa ni). Na kai baki.

Gashi-gashi ne da shi. Da sanyi, da ɗan danshi, gishirin kuma kamar an yi masa wanka ya saura kaɗan. Na tauna. Ya ƙi. Na sake taunawa, ya rabu ya zama zare-zare, irin na rake idan an gama da shi. Amma kiɗan nan na tafiya, goran na bugawa, sai na ce wa kaina ai haka abincin masu natsuwa yake, ba ya bayyana daɗinsa ga mai gaggawa. Na lumshe ido. Na haɗiye da taimakon koren shayi, na ɗauki na biyu.

Gwaggo ta tsaya da tambayar da ta fara yi mini game da mutanen gidanmu. Ta sauke tabarau kan hanci tana duba na.

"Haka ake cin sa?"

"Haka ake ci, Hajiya."

"Ikon Allah. Duka?"

"Duka. Ai su Japanawa ba sa zubar da komai." Da na ji muryata ta fita sumul, sai na ƙara wuta. Na ce mata amfanin yana cikin zaren nan ne, shi ke wanke ciki, shi ya sa tsofaffinsu ke daɗewa ba ciwon ƙafa. Ban san daga ina na samo wannan ba. Fitowa kawai yake yi, ni ma ina jin sa a karo na farko. Na ce mata mu a gida mun saba da abinci mai laushi ne shi ya sa, amma wanda ya bar nama harshensa yakan buɗe, ya riƙa jin ɗanɗanon da sauran mutane ba sa ji.

"Lallai harshenki ya buɗe," in ji Gwaggo.

Na ji daɗin wannan yabo har cikin raina. Na ci na uku, na huɗu, na daina ƙirgawa. Muƙamuƙina ya fara ciwo. Har tura mata kwanon na yi, na ce ta taɓa mana. Ta ce a'a, ita ta riga ta yi nata aikin a kansa. Ban gane ba, na yi murmushi irin na surukar kirki.

Sai labule ya motsa, mai kawo abinci ta shigo da wani faranti ta ajiye a tsakiya. Irin abin nan ne dai, amma wannan yana tururi, ga gishiri fari a kansa, kuma kowane ɗaya ciki gare shi, ƙulu-ƙulu uku a jere. Na duba na kwanona. Nawa duk a lafe suke kamar an bi ta kansu da dutsen guga. Wani abu ya fara motsi can ƙasan tunanina, amma ban ba shi dama ba. Na ce wataƙila iri biyu ne.

Gwaggo ta ce, "Yawwa, ga ƙarin da yaron nan ya ce a kawo." Ta sa hannu ta ɗauki ɗaya, ta kai baki, ta datse shi da haƙora, ta ja. 'Ya'yan suka faɗa bakinta. Ta ɗan tsotsi gishirin. Sannan ta miƙo hannu a hankali, awarwaronta na ƙara, ta saki ɓawon a cikin kwanon shuɗin da ke gabana.

Ya sauka a kan 'yan'uwansa. Kamarsu ɗaya sak.

Ban san tsawon lokacin da na yi ina kallon kwanon nan ba. Na ji goran ya buga. Na ji ruwa na sauka a kan rufin kantin can sama. Na ga komai daki-daki kamar a mafarki: su biyu zaune suna jira na, suna ci suna hira, suna jefa ɓawon a kwanon da aka tanada don haka, Gwaggo ta ture shi gefe zuwa wurin da ba kowa. Danshin nan da na ji. Gishirin da na ce an yi masa wanka. Kuma duk wannan tunanin ina yin sa ne da wani guda a bakina, rabin taunawa.

Ba a tofar da abu a gaban Gwaggon mutum. Ba a kuma haɗiye abin da aka san Gwaggon mutum ta tsotsa. Na zauna tsakanin waɗannan dokoki biyu, kumatuna a cike, idona ya kawo ruwa.

"Ai kin ga mun dace," Gwaggo ta ce, ko gezau fuskarta ba ta yi ba, tana ɗaukar wani. "Ni in ci 'ya'yan, ke ki ci ɓawon. Ba asara."

Na haɗiye.

Daidai nan Mukhtar ya dawo, goshinsa da sauran ruwan alwala. Ya dubi kwanon da ya bari a cike, ya ga ya koma rabi. Ya dubi tsinkayen da ke hannuna. Ya dubi wani ɗan koren zare da ke gefen leɓena (wannan shi ya gaya mini daga baya, da bai gaya mini ba ma da na yafe). Ya zauna a hankali kamar wanda ya shigo gidan gaisuwa.

"Ina sauran..." ya fara.

"Ci abincinka," in ji Gwaggo.

Na so a ce nan abin ya tsaya. Sai ga nawa na gaskiya ya iso, awarar nan fara da na yi wata da watanni ina kallo ta gilashi, da 'yar miya a kofi. A kan awarar an barbaɗa wani abu siriri ruwan ƙasa, kuma wallahi motsi yake yi, yana lanƙwasa yana miƙewa a cikin tururi kamar mai rai. Kafin in tambaya hancina ya ba ni amsa. Mai kawo abincin ta ce busasshen kifi ne aka fere. Miyar fa? Da ruwan kifi ake haɗa ta. Taliyar? Ita ma. Ganyen da aka dafa? Ta yi murmushi ta ce kifin kaɗan ne kawai, ba a ma jin sa. Ashe a duk gidan nan da na ɗora wa burina, abin da zan iya ci bai wuce farar shinkafa da waken nan ba, shi ma na fara shi ta bayansa.

Sai hawayen suka zubo. Ba na kuka mai sauti, zuba kawai suke yi a kan gyalen da na sha wahalar zaɓa. Na sunkuyar da kai na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri. Ban taɓa shigowa nan ba. Ban san komai a kai ba."

"Na sani," ta ce. "Tun daga na farko na sani."

"Da kin hana ni."

"Na yi niyya. To kin lumshe ido kina jin daɗinki, ga bayani yana zuwa, sai na ce bari in ji ƙarshen maganar ciwon ƙafar nan, ko zan samu magani."

Mukhtar ya yi wani tari ya juya fuska bango. Kafaɗun Gwaggo suka fara rawa, dariyar ta taso mata tun daga ciki, ba ƙara, sai haƙorin Makka da ke walƙiya da hawaye a bayan tabarau. Ban san lokacin da tawa ta kuɓuce ba, ta haɗu da kukan, na rasa wanne nake yi. Ta jawo ni jikinta, ta sa gefen mayafinta ta share mini fuska har da zaren.

"Kawo hannunki," ta ce. Ta ɗora mini guda mai zafi. "Ajiye tsinken nan. Kama nan, sa a baki, ja. Kamar dafaffiyar gyaɗa ce, ba wani abu ba."

Na ja. 'Ya'yan suka faɗo, masu ɗumi, masu garɗi, da gishiri daidai. Ashe abin da daɗinsa.

Muka cinye farantin tare, aka ƙaro wani, na haɗa da farar shinkafa. Ita ta cinye awarar tana cewa ta Zariya ta fi ta, don wannan ko yaji babu. Ta tambaye ni yadda nake yin miya ban ɗanɗana ba, na ce da hanci nake yi, kuma ƙannena ba su taɓa kuka da gishirina ba. Ta ce za ta gani. Kwana biyu bayan nan ta zo Taman Melati da kaza a leda, ta zauna a kan katifar Rifkatu, na yi mata farfesu ina toshe hanci da gyale sai in zan shinshina gishiri. Ta sha, ta ƙara.

Abin da ta faɗa a Zariya sai bayan biki na ji shi, daga bakin Umman Mukhtar da kanta. Wai ta tara su ta ce, "Yarinyar tana da surutun abin da ba ta sani ba, wannan gaskiya ne. Amma abin da na tsotsa na yar ta tauna ta haɗiye don kada ta kunyata ni, ba ta ɓata fuska ba. Wadda ta iya wannan za ta iya zama da Mukhtar." (Ban taɓa gyara mata cewa yawancinsu na haɗiye su ne kafin in sani ba. Na ƙarshen dai da sanina ne, kuma ina ganin shi kaɗai ya isa a ba ni ladan.)

Gwaggo ta rasu shekarun baya, Allah ya jiƙanta. Har ta bar duniya, duk gidan da muka haɗu ana cin gyaɗa ko rake, sai ta tattara ɓawon a hankali ta turo gabana, ba ta ko kallo na, ta ci gaba da hirarta.

Har yanzu ba na cin nama, kuma har yanzu nakan yi mafarkin ido biyu in wuce inda zan sauka. Abu ɗaya dai na koya: duk kyan kwano, idan na iso a makare na same shi a gabana, sai na tambayi wanda ya riga ni zama ko zuwa abincin yake yi ko dawowa.